Gaggauta Katako, Jinkirta Kuɗi: Nazarin Shagon Wani Kafinta da Ke Aiki a Gidansa a Bauchi

Wannan nazari ya shafi wani magidanci kafinta da ke zaune a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin garin Bauchi, wanda ya mayar da zauren gidansa da ɗan filin da ke bayan zauren wurin sana'a. Ba za a ambaci sunansa ko na abokan cinikinsa ba. Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci nazari shi ne cewa bai taɓa rasa aiki ba, kuma babu wanda ya taɓa kushe hannunsa, amma duk da haka saura kaɗan ya rufe shagon tsakanin ƙarshen daminar 2023 da azumin 2024. Idan ƙaramar sana'a ta durƙushe, akan ɗora laifin a kan rashin kasuwa ko rashin jari. A nan kasuwa tana nan, jari ma, ko da yake kaɗan ne, ya isa. Abin da ya lalace shi ne yadda yake sarrafa lokaci: yana hanzarta abin da ke buƙatar a jira shi, wato katako, yana kuma jan ƙafa a kan abin da ke buƙatar hanzari, wato kuɗi.

Yadda shagon yake

Ya koyi sana'ar a hannun wani maigida a kusa da 'yan katako, ya yi shekaru yana ɗauko falanki da goge-goge kafin a ba shi zarto, har aka sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Kayan aikinsa na ƙaramin kafinta ne: zarto, guduma, kurfi, abin awo, abin gyara fuskar katako na hannu, sai ƙananan injuna biyu na lantarki, ɗaya na huda rami, ɗaya na gogewa. Manyan yanka da tsaga ba ya yin su a gida. Yakan kai wa masu inji a kasuwar katako ya biya kuɗin kowane falanki, sannan a ɗoro masa a Keke Napep ko a amalanke. Yana da yara biyu masu koyo, ɗaya ɗan yayarsa ne, ɗayan ɗan maƙwabta. Idan babu wuta, ƙaramin janareta ne ke tayar da injunan.

Aiki a gida ya raba shi da kuɗin haya, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai sauƙin ya zo da wani abu da bai lura da shi ba, domin aljihun shago da aljihun cefane sun zama ɗaya. Kuɗin da aka ba shi na gado da safe, daga cikinsa za a sayo kayan miya da rana, kuma babu littafin da ke nuna cewa an taɓa shi.

Mafi yawan abin da yake samu daga kayan ɗaki ne: gado, sif ɗin kaya, madubi da durowarsa, kabad ɗin kwanuka, wani lokaci da kujeru. Al'adar cinikin ita ce a yi tsada da baki, a ba da kafin alƙalami, sauran kuma sai ranar ɗaukar kaya, ko kuma, idan akwai sanayya, sai bayan biki ya lafa. Kayan ɗakin zamani ba katako zalla ba ne. Ƙashin jikinsu ne katako, amma fuskar allon MDF ce, wato allon da ake yi da garin katako da aka matse da gam, ga soso, ga yadi, ga madubi, ga gam, ga makullai da hannayen ƙofa, kuma da yawa daga cikin waɗannan ko dai daga waje ake shigo da su ko kuma da kayan waje ake sarrafa su. Ma'ana, kafintan da ke zaure a Bauchi, wanda bai taɓa riƙe Dala ba, farashin rabin kayan aikinsa na tashi ne tare da ita.

Cinikin da ya fallasa matsalar

A watan Oktoban 2023 wani dattijo, aminin mahaifinsa marigayi, wanda yake kira Baba Alhaji, ya kira shi ya ce zai aurar da 'ya'yansa mata biyu a watan Sha'aban, kuma ba ya son kowa ya yi musu kayan ɗaki sai ɗan amininsa. Aka yi tsada a zaune, babu takarda, domin neman a rubuta a irin wannan wuri kamar nuna rashin yarda ne. Dattijon ya ba da kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin. Da yake biki yana da saura wata huɗu, kafintan bai ga dalilin sayen kaya nan take ba. Wani ɓangare na kuɗin ya ƙarasa da shi aikin wani mutum da ya riga ya ci kafin alƙalaminsa, wani ya biya kuɗin makarantar yara, sauran ya sayi hatsi da shi tun da kaka ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira almubazzaranci, kuma kusan kowane mai sana'ar hannu ya san irin wannan juyi, inda kuɗin aikin gobe ke ƙarasa aikin jiya.

A shekarun da farashi ke tafiya a hankali, juyin yakan ɗauki mutum har tsawon rayuwarsa ba tare da asirinsa ya tonu ba. Amma waɗannan watanni ba irin su ba ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 600 a watan Yuli. A tsakiyar watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da take kusan Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a wannan wata ta kai kashi 31.7 cikin 100. Azumi ya kama a ranar 11 ga Maris, wanda ke nufin Sha'aban, watan da bukukuwa suka fi cunkushewa, ya faɗo daidai tsakiyar wannan tashin.

Da ya shiga kasuwa a watan Janairu, sai ya tarar cewa kuɗin da aka yi tsada a kai gaba ɗayansa da ƙyar zai sayi kayan aikin, balle a yi zancen ladan hannu. Bai iya komawa wurin Baba Alhaji ya nemi ƙari ba, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce ina kuɗin da aka ba shi tun Oktoba, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ranto kuɗi, ya sayi allunan MDF da soso a sabon farashi tun da su ba su da madadi, sannan ya nemi sauƙi a wuri ɗaya tilo da ya rage, wato katako. Ya ɗauki wanda aka sauke daga mota ba da jimawa ba, mai nauyi, mai sanyi a tafin hannu, wanda ko zarto yana cije masa. Ya san ɗanye ne. Ya yi fatan fenti zai rufe.

Kayan sun yi kyau ranar jere, mata sun yaba. Kafin Ƙaramar Salla kuwa ƙofar sif ɗaya ta murɗe ta daina haɗuwa da 'yar'uwarta, gadon ɗaya amaryar ya fara ƙara saboda mahaɗar ƙafafunsa ta saki, saman teburin madubi kuma ya tsage daga baki. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya aika aka kira shi, ya ce masa ɗana, je ka duba aikinka, sannan bai ƙara tayar da zancen cikon kuɗin ba, shi ma kafintan bai sami bakin tambaya ba.

Abin da ya faru a cikin katakon

Itacen da aka sare yanzu cike yake da ruwa, wani ma nauyin ruwan da ke cikinsa yakan kai nauyin itacen kansa. Ruwan iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance a cikin ramukan itacen, wanda fitarsa ba ta canja girman falanki, akwai kuma wanda ke cikin naman itacen kansa. Idan laimar katako ta sauko zuwa wajen kashi 30 cikin 100, ruwan farko ya ƙare, daga nan ne duk abin da ya fita zai sa katakon ya tsuke. Ba ya kuma tsukewa daidai ta kowane ɓangare: a tsawo kusan ba ya motsi, a faɗi ne yake raguwa, kuma raguwar da ke bin zoben shekarun itacen ta kai kusan ninki biyu na wadda ke ratsa su. Wannan bambanci ne ke sa falanki ya lanƙwashe ko ya murɗe. Bakin falanki kuma ya fi tsakiyarsa saurin bushewa nesa ba kusa ba, shi ya sa tsaga ke farawa daga baki.

Katako ba ya daina wannan motsi ko bayan ya bushe, domin kullum yana daidaita kansa da iskar da ke kewaye da shi. Inda laimar iska take kashi 80, kamar yadda akan samu a Bauchi a watan Agusta, katako yakan tsaya a wajen kashi 16. Inda ta faɗi zuwa kashi 20, abin da hunturu ke kawowa a watannin Janairu da Fabrairu har zuwa Maris, yakan sauka ƙasa da kashi 5. Falanki mai faɗin ƙafa ɗaya zai iya ƙaruwa ko ya ragu da kusan rubu'in inci tsakanin waɗannan lokuta biyu, gwargwadon irin itacen. Kafintan Legas ko Fatakwal ba ya fuskantar tazara irin wannan, domin iskarsu ba ta bushewa haka. To idan busasshen katako ma yana wannan tafiya, sai a auna wanda aka haɗa shi yana ɗanye, aka ƙulle shi da ƙusa da gam, aka kai shi ɗaki a watan da iskar Bauchi ta fi kowane lokaci bushewa. Fenti yana rage saurin fitar ruwa, amma ba ya hana shi fita.

A ganina nan ne ƙananan kafintoci da yawa suke zaluntar kansu. Sun san katako ɗanye yana motsi, ba sai an gaya musu ba, amma tsarin cinikinsu bai bar musu damar jira ba, tun da ba sa sayen katako sai an kawo aiki, kuma ba a kawo aiki sai biki ya matso, ko kuma, kamar a wannan lamari, an kawo da wuri amma kuɗin ya bi wata hanya. Masassaƙan gargajiya, masu turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata, sun fi su dabara a wannan fanni, domin da yawansu sukan fara fasalta abu da gizago su ajiye shi a inuwa ya sha iska kafin su ƙarasa.

Lissafin da ba a taɓa yi ba

Bayan Salla, da taimakon wani ƙaninsa da ya karanta lissafin kuɗi, ya zauna ya bi ayyukan da ya tuna na shekarar, kuma abin da ya fito ya fi cinikin Baba Alhaji tayar da hankali. Yadda yake yanke farashi shi ne ya haɗa kuɗin katako da allo da soso, ya ɗora wani abu a kai ya kira shi riba. Man janareta ba ya ciki. Kuɗin masu inji da na dako wani lokaci suna ciki, wani lokaci ba sa ciki. Abincin yaran shago da ɗan abin da yake ba su ranar Juma'a ba sa ciki. Guntayen da ke zubewa a yanka, waɗanda ya biya kuɗinsu a matsayin falanki, ba sa ciki. Mafi girma duka, kwanakinsa shi kansa ba sa ciki, don haka abin da yake kira riba ladan hannunsa ne kawai, shagon kuwa ba ya samun komai da zai sayi sabon zarto ko ya ajiye katako. A kan wannan kuma ga ragin zumunci, wanda a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne yakan shafi fiye da rabin masu zuwa.

Ya kuma kai maganar wurin wani malami a unguwarsu, domin yana son ya san ko ya halatta ya ƙara kuɗi bayan an yi tsada. Amsar da ya samu ita ce ba shi da ikon ƙari sai da yardar mai kaya, amma malamin ya nuna masa cewa fiƙihu ya daɗe da tanadar wa irin wannan ciniki ƙa'ida. A babin salam, inda ake sayen abin da ba a riga an samar ba, mazhabar Malikiyya ta shar'anta a fayyace siffar kaya da adadinsu da lokacin bayarwa, a kuma biya kuɗin tun farko, ba a jinkirta shi fiye da kwana uku ba. Malaman Hanafiyya sun ware wa aikin masu sana'a babinsa daban, istisna'i, inda suka yi sauƙi a kan lokacin biya, amma su ma ba su yi sauƙi a kan fayyace siffa da farashi ba. Abin da ya fi amfanar kafintan a nan shi ne ya sami hujjar da zai kafa wa dattawa idan ya fito da takarda, har da ayar bashi ta Suratul Baƙara da ta yi umarni da rubutawa, ta yadda babu wanda zai ɗauki rubutun a matsayin raini.

Abin da ya canja

Gyaran farko na kuɗi ne, kuma gajere ne. Yanzu idan aka kawo masa babban aiki yakan raba farashin gida biyu a rubuce, kuɗin kaya da kuɗin aiki. Kuɗin kaya ana biyansa gaba ɗaya, kuma a ranar ko washegari ake shiga kasuwa, mai aikin ko wakilinsa yana iya rakiya. Kuɗin aiki rabi a farko, rabi kafin kaya su fita daga zaure. Farashin da ya faɗa yana aiki ne na mako ɗaya. Ya buɗe asusu daban na shago, yana yanka wa kansa abin cefane daga ciki duk mako. Wasu sun ji haushi sun tafi wurin wani, musamman masu son a fara aiki da alkawari, kuma ya rasa cinikin da a da zai yi murna da shi.

Gyara na biyu shi ne ya fi wuya, domin yana buƙatar ya sayi katako tun babu wanda ya nema. Ya yi rumfar kwano a filin bayan zaure, ya jera bulo a ƙasa domin katako ya yi nesa da laima da gara, sannan yana shimfiɗa falankai hawa-hawa, tsakanin kowane hawa da na samansa akwai siraran sanduna masu kaurin inci ɗaya, an jera su a saitin juna domin kada falanki ya lotsa. A sama yana ɗora duwatsu. Bakin kowane falanki yana shafe shi da ragowar fenti, ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa kuma yana kare shi da zana, domin bushewar da ta yi sauri ita ma tsaga take kawowa. Ba shi da na'urar auna laima, amma yana da sikeli: yakan ware guntu ɗaya daga kowane jeri, ya auna shi duk mako ya rubuta nauyin a jikinsa, ranar da nauyin ya daina sauka ya san jerin ya isa aiki. Yana saye ne bayan ɗaukewar ruwa, a Oktoba ko Nuwamba.

Zaɓin itacen ma ya canja, wani ɓangare bisa tilas. Maɗaci da kawo da maɗobiya, waɗanda maigidansa ya koya masa aiki da su, sun yi tsada sun kuma yi wuya. Maɗobiya ce ta fi shan sara, musamman a dazukan Taraba, saboda kasuwar da take da ita a Chaina, har aka sa ta a jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, daga farkon 2017, sannan a taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo na Afirka a jerin. Yarjejeniyar ta shafi fitar da katako zuwa waje ne, ba cinikin cikin gida ba, amma shigar waɗannan itatuwa cikinta shaida ce ta yadda suka ragu. Don haka ya koma ga malaina, wadda ake shukawa, mara nauyi, mai jinkirin bushewa amma mai zama lafiya idan ta bushe, da kuma dogonyaro, wanda danginsu ɗaya da maɗaci kuma ƙwari ba su cika damunsa ba. Dogonyaro yakan same shi ne idan wani zai yi gini ya sare na ƙofar gidansa, ko iskar farkon damina ta kayar da shi, kuma yakan tabbatar an sami izinin ma'aikatan gandun daji kafin ya saya. Ƙirya, saboda taurinta, yana ajiye ta ne domin ƙafafu da abin da zai sha duka.

A ƙira kuma ya daina yaƙi da katako. Ƙofa yanzu firam ce mai kwarmi a ciki, allon tsakiya yana zaune a kwarmin ba tare da gam ba, yana da wurin numfashi. Saman tebur yana ɗaure shi ta ramuka masu ɗan tsawo domin ya iya matsawa. Durowar da ya haɗa a hunturu yana barin mata ɗan sarari, saboda ya san za ta kumbura a Agusta. Mahaɗar ƙafar gado kuma rami da harshe yake yi mata, ba ƙusa kaɗai ba.

Ƙananan kaya da hanyar sayar da su

Rumfar busarwa ta haifar da wata matsala, domin kuɗi ne a kwance na watanni, gida kuma yana ci kullum. Maganin ya fito ne daga guntayen da a da ake kwashewa a hura wuta da su. Ya fara yin ƙananan abubuwa da ba sa jiran oda: kujerar tsuguno, marikin Alƙur'ani mai naɗewa, katakon yanka albasa da nama, faranti, muciya, wurin ajiye takalma, ƙaramin teburin karatu. Waɗannan ba su da soso ba su da madubi, saboda haka Dala ba ta cika taɓa su ba, kuma ana gama su a kwana ɗaya ko biyu a karɓi kuɗinsu a hannu. Abin da zai taɓa abinci ba ya shafa masa fenti ko man gyaɗa, wanda yakan yi ɗoyi idan ya daɗe. Farin man farafin na kemis yake narkawa da kakin zuma ya shafa.

Sayarwar kuwa uwargidansa ce ta buɗe ta, kuma a nan aiki a gida ya nuna wata fa'idar da haya ba za ta saye ta ba. Masu yanke shawarar sayen kayan kicin mata ne, kuma mace ba za ta tsaya a zauren kafinta tana taya kujera ba, amma za ta shiga cikin gida. Uwargidan tana ɗaukar hoton kaya da safe a tsakar gida ta sa a WhatsApp, tana kai samfuri gidan suna da walima, akwai kuma wata Hajiya dillaliya da ke karɓa tana zagayawa da su. Tun farko an yanka wa kowaccensu kasonta a kan kowane abu, an kuma sa shi cikin farashi, ba a bar shi a matsayin alheri ba. Teburin karatu da wurin takalma suna tafiya ne a Yelwa da Gwallameji, inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suke haya, kuma kasuwarsu tana bin buɗe makaranta. Marikin Alƙur'ani kafin azumi yake ƙarewa. Saƙon Gombe da Jos da Kano yakan bayar ne a tasha, bayan ya ga kuɗin a asusunsa da idonsa, ba a hoton da aka turo masa ba, tun da an taɓa yi masa alat na bogi. Ya gwada sassaƙa ƙananan kayan tsaraba domin masu zuwa Yankari, bai ga ciniki ba, ya bari.

Ba kowane abu ne ya karɓu ba. Masu saye da yawa suna kwatanta katakon yankansa da na roba, su ce ya yi tsada. Wasu iyayen amare kuma har yanzu sheƙin MDF suke so, wanda ya yi kama da kayan Turkiyya, ko da an gaya musu cewa ruwan goge ɗaki kaɗai yana iya kumbura gindinsa. Ba ya musu da su, yana yi musu, sai dai yana ɗaga shi a kan ƙafafun katako.

Inda lamarin yake

Ya je ya gyara kayan amaren biyu da kuɗinsa, ya canja ƙofar da saman teburin da busasshen katako. Bayan wasu watanni Baba Alhaji ya aiko da wani ɓangare na cikon, ba duka ba, kuma an bar maganar a haka. Bashin da ya ci a Janairun 2024 ya biya shi a hankali daga cinikin ƙananan kaya. Kayan ɗakin da yake karɓa yanzu ba su kai na da yawa ba, amma babu wanda ya dawo.

Akwai abubuwan da ba su warware ba. Rumfar ba ta ɗaukar katakon da zai isa shekara, don haka idan aka kawo babban aiki a tsakiyar damina, ko dai ya ƙi ko ya nemi busasshe a kasuwa da tsada. Tara katako da diddigarsa kusa da ɗakin girki haɗarin gobara ne, kuma bokitin yashin da ya ajiye bai isa kariya ba. Ƙurar gogewa tana shiga cikin gida, yaran shago kuma ba sa son sa takunkumi. Maƙwabci ɗaya ya kai ƙarar janareta wurin mai unguwa, aka yi sulhu a kan ba za a tayar da shi ba bayan Magariba ko lokacin azahar. Bai yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ba tukuna, kuma wata makarantar Islamiyya da ta so ya yi mata bencina ta nemi takardar da ba shi da ita. Ƙaninsa yana matsa masa ya kama shago a bakin titi inda za a riƙa ganin kaya, uwargidan kuma tana ganin ranar da shagon ya bar gida, ranar matan da ke saye za su daina zuwa. A lokacin da aka kammala wannan nazari bai yanke shawara ba, yana dai neman wanda zai ba shi aron kango a bayan gari domin ya mayar da rumfar busarwa can, aikin hannu kuma ya ci gaba a zaure.